Inda Kebul Ya Karkata

"Danna biyu, Tela. Jiya ɗaya kika danna, suka tura mu wajen masu mita."

Na danna biyu. Muryar matar nan ta cikin na'ura ta ce kiranmu yana da muhimmanci a wurinsu, sannan ta saka mana kiɗa. Na ajiye wayar a hannun kujera na ci gaba da kalmasa bakin rigar da na shigo da ita. Baba Mai Tsani yana kishingiɗe a gado, an tokare masa baya da matasai uku, yana kaɗa babban yatsan ƙafarsa daidai da kiɗan. Kwana huɗu ke nan muna wannan aiki ni da shi, har ya haddace inda kiɗan yake yankewa ya sake farawa.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da shagon ɗinkina, yau shekara goma sha tara. Ya yi shekara talatin da shida a Hukumar Lantarki, tun tana dunƙule wuri ɗaya, kafin gwamnati ta yanka ta gida-gida ta sayar. Yanzu masu samar da wutar daban, masu turaku da wayoyi daban, masu sayar wa gidaje kuwa kowa da tambarinsa. Shi lokacin ya riga ya yi ritaya, ya dawo gida da tsohon tsaninsa na katako, wanda saboda shi sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san ainihin sunansa ba sai a takarda.

Da aka ce kowa ya zaɓi kamfanin da yake so, layinmu rabuwa ya yi biyu. Mai aski ya bi kamfani mai jan tambari, mai kanti ya bi mai kore, shi ke nan aka samu abin musu. Mai aski ya rantse wutar Ja ta fi haske, har ya ce tun da ya koma can injin askinsa bai ƙara cizon ƙeyar kowa ba. Mai kanti ya ce firjinsa bai san sanyi ba sai da ya shiga Kore. Ni Kore na bi, kuma ba zan ɓoye ba, saboda laimar da suka raba ne. Baba yakan zauna a ƙofar gida ya saurare su har su gaji, sannan ya ɗaga sandarsa sama ya ce waya ɗaya ce ta shiga shagunan biyu, kuma shi ya ɗaura ta da hannunsa. Ba wanda ya taɓa yarda. Ina jin shi ma ba ya so su yarda, don musun nan ne nishaɗinsa na yamma.

Tun farkon shekara zuciyarsa ta soma gajiya. Likita ya riƙe shi mako biyu, sannan ya sallamo shi da magunguna, ya ja Inna, matar Baba, gefe ya gaya mata abin da ya gaya mata. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Shi ko a jikinsa. Ya ce ya hau turaku sun fi dubu bai faɗo ba, yara duk sun kama gidajensu, Inna tana nan tana masa faɗa safe da yamma, me kuma mutum zai nema. Idan na leƙa gaishe shi, tsokanata yake yi cewa wandon da na ɗinka masa bara ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ni kuma in ce ƙafafun ne ba daidai ba.

Ran Litinin wasu mutane masu hular kwano suka zo suka ja layin fenti rawaya a gefen titi, ta ɓangarenmu, tun daga kwanar sama har zuwa taransifoma. Suka manna takarda a jikin turke cewa Litinin mai zuwa katafila za ta tona rami a shimfiɗa sabon kebul. Inna ce ta ba shi labarin tana miƙa masa magani, hira kawai take yi. Ba a jima ba na ji sanda tana dukan katangata sau uku, yadda yake kirana idan yana so a karanta masa ƙananan rubutun jikin kwalba. Da na shiga ban ga kwalba a hannunsa ba, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Akwai tsohon kebul a ƙarƙashin titin nan," ya ce. "Babba, shi ke kawo wuta taransifoma. A taswira yana can tsallaken titi, a miƙe. A ƙasa ba haka yake ba. Ya ƙetaro ɓangaren nan, ya yi kwana, sannan ya koma."

Na tambaye shi wane mara hankali ne ya yi wannan aiki.

"Ni ne."

Na ji kunya, shi kuwa har da 'yar dariya. Ya ce shekara arba'in da ɗaya ke nan, lokacin titin ƙasa ce zalla, gidaje ba su fi biyar ba. Su bakwai ne, shi ne shugaban ayari. Da ramin ya iso tsakiyar layin sai ya ci karo da wata katuwar bishiyar mangwaro, wadda in za a miƙe sai an sare ta. Ita kaɗai ce inuwa a wurin, a gindinta suke cin abinci, a nan suke miƙe baya da rana tsaka. Suka dubi juna, ba wanda ya ɗauki gatari. Sai ya ce a kewaye ta. Ya yi niyyar kai gyaran ofishin masu zane, amma shugabansu na lokacin mutum ne mai zafi, ya ce gobe, goben ta zama jibi. Kuma a zamanin Hukuma abin bai dame shi ba, don ba wanda yake tona ƙasa bai tambayi tsoffin ma'aikata ba, duk sabon da aka kawo yankin sai an nuna masa wurin da baki. Yanzu shidan sun rasu, an watsa ofisoshin, bishiyar ma an sare ta lokacin da aka zuba kwalta.

"Fentin nan ya bi ta kan kebul ɗin, Tela. In haƙorin katafila ya taɓa shi, mai tuƙin ba zai koma gidansa ba."

Wannan ne ya zaunar da mu gaban waya kwana huɗu. Ran Alhamis ɗin nan, bayan kiɗa ya zagayo sau tara, wani saurayi ya ɗauka. Yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya nemi lambar mita, na ba shi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce su wuta kawai suke sayarwa, abin da ke cikin ƙasa na kamfanin turaku da wayoyi ne. Na ce ai masu wayoyin ne suka turo mu nan shekaranjiya. Ya ce to ya rubuta ƙorafin, za a duba cikin kwana goma sha huɗu na aiki. Na ce ramin kwana huɗu ya rage a tona shi. Ya tambaye ni ko akwai wani abin da zai iya taimaka mini da shi.

Na kashe wayar na ja tsaki har Inna ta leƙo daga kicin. Baba ya ce kada in ga laifin yaron, abin da aka rubuta masa yake karantawa, shi turke ma bai taɓa rungumar ɗaya ba. Amma na ga hannunsa yana murza bakin bargo, kuma tun ranar fentin Inna ta ce bai ci abin kirki ba. Mutumin da ya shirya wa mutuwa yana dariya, ga shi abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Washegari na rufe shago, na bar kayan mutane a kan teburi, na hau mota zuwa ofishin kamfanin wayoyin. Ƙofar gilashi, sanyi kamar cikin firjin mai kanti, da na'urar da ke tofo wa mutum lamba. Da layi ya zo kaina, matar da ke bayan kanta ta miƙo mini fom. Na ce mata na iya cika fom, amma yau ba shi ya kawo ni ba, wanda ya ja layin fentin nake so in gani. Ta ce ba a ganin injiniyoyi sai da alƙawari. Na ce ba komai, na zo da aikina. Na koma kan kujera na fito da riga da allura, na shiga saka maɓalli. Na gama riga ɗaya, na ɗauko ta biyu. Mai gadi ya zo ya dube ni sau biyu, a na ukun ya nuna mini aljihunsa da ya ɓarke, na ɗinke masa.

Wajen ƙarfe biyu wata mace ta fito, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da manyan takalman aiki da alamar rashin barci a ido. Ita ce Injiniya. Ta tsaya a kaina ta saurara, sannan ta buɗe taswira a kwamfutar hannunta ta nuna mini layinmu, da wani jan zare a miƙe sambal a tsallaken titi. Ta ce wannan ita ce taswirar da suka gada daga Hukuma, da ita ɗan kwangila yake aiki. Na ce mata ni ma ina da littafin awon mutane, amma in mace ta shigo na ga ta ƙara jiki, ba na yanka mata yadi da awon bara. Na tambaye ta ko ba su da na'urar da ke jin kebul a ƙasa. Ta yi ɗan murmushi ta ce akwai, sai dai da aka raba kayan Hukuma ta faɗa rabon wani kamfanin, aronta kuma sai an rubuta takarda mako biyu kafin lokaci. Ta sake duba taswirar, sannan ta tambayi shekarun tsohon, da ko hankalinsa yana nan daram. Na ce ya fi nawa. Ta ce gobe Asabar ba ta aiki, amma za ta gani.

Ban gaya wa Baba "za ta gani" ba, na ce masa tana zuwa. Tun safe ya sa Inna ta fito masa da rigarsa ta kaki. Rana ta take, ta karkata, ni kuma ina ta leƙen titi ina tsine wa bakina a zuci. Sai wajen ƙarfe huɗu wata ƙaramar mota ta tsaya gaban shagona.

Fito da shi ya zama aiki. Muka ɗora shi a kujerar roba, mai aski ya kama dama, mai kanti ya kama hagu, suna tafe suna gardamar wa ya fi ɗaukar nauyi. Baba ya ce yau dai ga Ja da Kore sun haɗu a waya ɗaya. Suka sauke shi a bakin titi. Injiniya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, nuna mini wurin."

Ya ɗaga sandar, ya tsaya. Ya dubi tsallake, inda bishiyar take a da, yanzu jerin shaguna ne iri ɗaya masu ƙofar ƙarfe. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya sauke sandar. Shekara da shekaru yana wuce wurin ya san shi da ƙafa, yau daga kan kujera ya ɓace masa.

Can ya ce akwai hanya. Tsohon turken ƙarfen da ke kwanar sama ba a taɓa matsar da shi ba, daga gindinsa taku arba'in da uku ne zuwa inda kebul ɗin ya shigo ɓangarenmu, sannan taku goma sha biyu ya fita. Da ƙafarsa ya auna ranar da suka rufe ramin. Mai aski ya ce bari ya taka, Baba ya ce gajere ne. Mai kanti ya miƙe, aka ce shi kuma tafiyar agwagwa yake yi. Injiniya ta tambayi tsawon takun nasa a mita, ya ce bai taɓa aunawa ba, takunsa ne kawai. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi.

Inna tana tsaye a ƙofar gida tun da aka fito. Sai ta gyara ɗaurin zanenta ta sauko.

"Shekara hamsin da biyu ina bin bayan mutumin nan ina haki," ta ce. "In ban san takunsa ba, me na sani?"

Ta tafi har gindin turken ƙarfen ta juyo. Ta sauke kafaɗar hagu kamar mai ɗauke da tsani, ta ɗan turo kai gaba, ta buɗe ƙafa ta jefa taku. Wallahi shi ne sak, har yadda yake jan ƙafar dama kaɗan. Mai aski ya fashe da dariya, matan da suka fito kallo suka taya shi, Baba kansa yana dariya yana tari. Muna ƙirgawa da ƙarfi gaba ɗaya. Wajen taku na talatin dariyar ta mutu da kanta, don duk wanda ya daɗe a layin ya tuna safiyar da yake ganin wannan tafiya tana wucewa. A na arba'in da uku Inna ta tsaya daidai ƙofar mai aski, ƙafarta a kan fentin rawaya. Na sunkuya na ja layi da allin ɗinkina. Ta ƙara goma sha biyu, na sake ja.

Injiniya ba ta ce ta yarda ba. Ta zauna a kan dugaduganta gaban kujerar ta shiga yi masa tambayoyi: zurfin ramin, kaurin kebul ɗin, da abin da suka rufe shi da shi. Ya ce zurfin ya kai ƙugunsa, sun zuba yashi, sannan suka jera jan bulo a gicciye, don na siminti ya ƙare musu a makon. Ta miƙe tsaye.

"Baba, ba zan iya canza taswira da maganar baki ba. Amma zan iya hana katafila shiga tsakanin layukan nan biyu. Da shebur za a tona, ina tsaye."

"Za su yi miki faɗa a ofis."

"Sun saba."

"To in kin gan shi, ki rubuta cewa ni na karkata shi. Kada a ɗora wa masu zane, ba su sani ba."

Ta ce za ta rubuta. Ya jingina da kujerar ya lumshe ido, ya ce wa Ja da Kore su mayar da shi, kuma a wannan karon a yi a hankali, shi ba buhun siminti ba ne. Da yamman nan ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya kuma sa Inna ta sake yi masa tafiyar a tsakar gida don ya gani da kyau. Ta ce ba za ta yi ba, sannan ta yi.

Ran Lahadi da hantsi ya sha shayinsa, ya ce a ƙara masa fanka zai ɗan kwanta. Inna ta fita shanya. Da ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, hannu ɗaya a kan ƙirji, fanka tana kaɗa gefen rigarsa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki sandarsa ta daki katangata sau uku. Da yamma aka kai shi makwancinsa. Na yi kuka, kuma a cikin kukan har da jin haushi, don na so a ce ya jira kwana ɗaya tak.

Litinin da safe gidan ya cika da masu gaisuwa, katafila kuma ta iso kwanar sama tana ruri. Injiniya ta shigo ta durƙusa gaban Inna ta ce in ana so za ta nemi a ɗage aikin. Inna ta ce a tona, shi ya fi kowa son a tona.

Katafila ta ci ƙasa har zuwa layin allina na farko, wanda Injiniya ta sa aka bi da jan fenti, sannan ta tsaya. Mai tuƙin, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, ya zauna a sama yana kallon agogo yana gunaguni cewa ana ɓata masa rana saboda labarin tsofaffi. Mutum huɗu suka shiga da shebur. Ni ban iya zama cikin gida ba, ina tsaye a ƙofar shago da tef a wuya. Rami ya kai gwiwa, ba komai. Ya kai cinya, ba komai, har mai kanti ya soma kallon ƙasa. Gab da rana tsaka shebur ɗaya ya yi ƙara. Injiniya ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya, ta sauka da kanta ta share ƙasar da tafin hannu. Jan bulo ne, a jere a gicciye, tazararsa da layin allin ba ta fi taƙi ɗaya ba.

Ta ɗaga bulo ɗaya a hankali, ta ture yashin, baƙin bayan kebul ɗin ya bayyana, kaurinsa ya kai damtsena, kwance daidai inda haƙorin zai sauka. Injiniya ta fito ta zauna a bakin ramin ta buɗe kwamfutarta ta soma rubutu.

Mai tuƙin ya kashe injin ya sauko. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo, hannayensa a ƙugu. Sannan ya juyo ya tambaye ni wane gida ne. Na nuna masa. Ya je famfon mai aski ya wanke hannu da fuska, ya goge a jikin rigarsa, ya nufi ƙofar. Bai san kowa a ciki ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar manyan takalmansa masu jar ƙasa, ya jera su a gefe kusa da silifas ɗin masu gaisuwa, ya yi sallama ya shiga.